Tarihin Bututun Da Ba Ya Ɗaukar Ruwa

Maƙalar wannan makon ta faɗo kaina, kuma ina neman afuwa tun daga farko, domin zan taɓo abin da ba a cika ambata a gaban manya ba, wato warin bayan gida da bututun da aka ƙirƙira don maganinsa.

Bara kawuna ya tare a sabon gidansa da ke Panshekara, dab da rukunin masana'antu na Challawa. Bene ne, ko'ina tayil, ga masai irin na zamani. Ba a yi wata biyu ba sai aka lura duk lokacin da aka kora ruwa a sama, wurin wanke hannu na ƙasa sai ya yi ƙara kamar mai kurkure baki, wari ya biyo baya. Mutanen gida suka ɗora laifin a kan kamfanonin fata, tunda kowa ya san iskar da kan kaɗo daga can. Da aka kira wani dattijo mai aikin famfo, sai ya zaga gidan, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ce: "Alhaji, ai gidan naka ba ya numfashi." Wannan magana ce ta sa ni bin diddigi.

A gidan Bahaushe na da, ruwan wanka da na wanke-wanke ta rariya yake fita zuwa kwatami ko lambatu, ita kuma salga tana can ƙuryar gida, nesa da ɗakin kwana, sama a buɗe. Ruwan ma na rijiya ne, da guga ake jawo shi, don haka wanda ake zubarwa bai taka kara ya karya ba. Tazara da sarari su ne maganin wari a wancan tsari.

Lamarin ya fara sauyawa a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A farkon shekarun 1930 aka buɗe gidan ruwa na Challawa, aka fara turo ruwan kogin zuwa birni ta bututu. A 1932 aka kafa makarantar koyon tsafta ta Kano, inda ake horar da duba-gari. Daga baya aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa Goj a 1992. Masana'antu kuma suka bunƙasa, Bompai da farko, sannan Sharada da Challawa. Sai dai ƙoƙarin da aka yi wajen shigo da ruwa ba a yi irinsa wajen fitar da shi ba. Har yau Kano ba ta da babbar magudanar ƙarƙashin ƙasa da ta haɗe gidajen gari. Dattin Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, na Sharada yana bin Salanta, na Challawa yana gangarawa kogin da muke sha. Gidaje kuwa kowa ya haƙa sokawe a ƙofarsa. Da muka shigo da masai cikin ɗakin kwana, sai ya zamana bututu guda ne ya haɗa gadon mutum da ramin ƙazanta.

Turawa sun riga mu faɗawa wannan matsala. A 1775 wani mai ƙera agogo a Landan, Alexander Cumming, ya yi rajistar masai mai lanƙwasasshen bututu a ƙarƙashinsa. Hikimar ita ce ruwa kaɗan ya riƙa kwanciya a gwiwar bututun, ya zama murfi tsakanin ɗaki da rami. Ruwan nan da kuke gani kwance a gindin masai, shi ne. Zurfinsa bai fi kamar santimita 5 ba, amma shi ke tare iskar da ke tasowa daga ruɓaɓɓen datti, wadda ke ɗauke da sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da kuma iskar gas mai kama wuta.

Amma da gidajen bene suka yawaita a ƙarni na 19, sai aka ga ruwan gwiwar yana ɓacewa. Dalilin kuwa duk mai shayi ya san shi. Idan ka huda gwangwanin madara wuri ɗaya, sai ta riƙa fitowa da kyar tana shaƙewa, sai ka ƙara huda ta biyu iska ta shiga. Haka ruwa yake idan ya gangaro cikin bututu da ƙarfi: yana jan iska a bayansa, in bai samu ba sai ya zuƙe ruwan gwiwar da ke kusa. Ƙarar da aka ji a gidan kawu ke nan. Maganin da masu aikin famfo na wancan zamani suka gano shi ne a ɗaga wani bututu ya zarce rufin gida, bakinsa a buɗe. Ba ya ɗaukar ruwa ko ɗigo. Aikinsa shigar da iska da fitar da wari can sama.

Afirka ma ta ba da gudunmawarta. A shekarun 1970, a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, Peter Morgan na cibiyar bincike ta Blair ya ƙirƙiro salga mai dogon bututu da raga a bakinsa. Iska na jan wari sama, ƙudaje kuma su bi haske su maƙale a ragar. Irinta ce muke gani a makarantun firamare da yawa.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma wani ɗan ƙasar Suwidin, Sture Ericson, ya fito da ɗan ƙaramin bawul da ke rage buƙatar fasa rufi, wanda aka fi sani da sunan kamfanin Studor. Girmansa kamar kofin shayi, a cikinsa akwai faifan roba. Idan ruwa ya gangara ya ja iska, faifan sai ya ɗaga iskar ɗaki ta shiga. Da ruwan ya wuce sai nauyinsa ya mayar da shi ya rufe, wari bai samu hanya ba. Shi ya sa ake sa shi a ƙarƙashin wurin wanke-wanken da ke nesa da bango, da bayan gidan da aka ƙara bayan an gama gini, da kuma motocin nan masu ɗaki da kicin da ake yawon shaƙatawa da su a Amurka da Turai, inda wuri ya yi ƙaranci.

Amma a kula, bawul ɗin shigar da iska kawai yake yi, ba ya fitarwa. Iskar da ke taruwa a sokawe dole ta samu mafita, don haka ko an sa bawul goma, gida na buƙatar aƙalla bututu ɗaya buɗaɗɗe da ya zarce rufi. Dole a kafa bawul ɗin a tsaye, sama da gwiwar bututu, inda iska ke kaiwa kuma hannu zai iya isa, domin roba na tsufa, ƙurar hunturu kuma na iya hana shi rufuwa. Sannan babu bawul ɗin da zai hana ruwan gwiwa ƙafewa a zafin Afrilu idan an daɗe ba a shiga bayan gidan baƙi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2003, a rukunin gidaje na Amoy Gardens da ke Hong Kong, mutum fiye da 300 suka kamu da cutar SARS, kuma bincike ya nuna busassun gwiwoyin magudanar ban ɗaki na cikin hanyoyin da ta bi. Kofi biyu na ruwa a kowane mako sun isa su tsare wannan ƙofa.

A gidan kawu, dattijon ya ɗaga bututu ɗaya ta bayan gini har ya wuce rufi, ya sa bawul a wurin wanke hannun da ke ƙarƙashin matattakala. Ƙarar ta tsaya, warin cikin gida ya tafi. Na kamfanonin fata yana nan, amma wannan wani tarihin ne da ke jiran mai rubuta shi.

Gare mu masu koyon rubutu, littattafanmu cike suke da gidajen alhazai masu falo uku, amma ban cika cin karo da labarin mai haƙar sokawe, ko duba-gari, ko matar da ɗanta ke fama da ciwon ciki a ɗakin haya ba. In kun fita yau, ku ɗaga kai ku ƙirga gidaje nawa ne a layinku ke da wannan bututu. Ina jiran abin da kuka gani, da gyaran dattawanmu na Kumbotso da suka san gidan ruwan Challawa fiye da ni. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.