Ƙwayar Hana Ɗaukar Ciki da Allurar Rigakafi: Tarihin Wani Tsoro

A shekara ta 1960 ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Enovid a matsayin ƙwayar hana ɗaukar ciki ta farko. Shekara guda bayan haka wani likita a Ingila ya ba da rahoton wata mace da jini ya daskare mata a huhu tana cikin shan ƙwayar. Bincike ya nuna cewa sinadarin istirojin da ke cikinta yana sa hanta ta ƙara yin abubuwan da ke daskarar da jini. Saboda haka a 1969 hukumomin Ingila suka ba da shawarar a rage yawansa.

Tsoron bai kwanta ba. A 1995 aka yi gargaɗi a Ingila kan wasu sababbin ƙwayoyi, mata da yawa suka daina sha nan take, ga shi kuwa juna biyu ya fi ƙwayar jawo daskarewar jini. Shekarar da ta biyo baya zubar da ciki ya ƙaru.

Maganar ta sake tasowa cikin watan Maris na 2021, watan da allurar korona ta AstraZeneca ta iso Nijeriya. Denmak da Jamus da wasu ƙasashe suka dakatar da ita, domin an ga gudan jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar wasu da aka yi wa, galibinsu mata. Nan da nan zargi ya koma kan ƙwayar, aka ce haɗuwarsu ce ta kawo matsalar.

Masana a Jami'ar Greifswald ta Jamus suka gano asalin abin. Garkuwar jiki ce, a cikin mutane ƙalilan ƙwarai, take tayar da ƙananan ƙwayoyin jini masu tsayar da zubarsa, su dunƙule, yawansu kuma ya ragu. Wannan hanya dabam take da ta istirojin, kuma maza ma ta shafe su. Ba a sami shaidar cewa masu shan ƙwayar sun fi sauran mata kamuwa ba, don haka likitocin Ingila suka shawarci mata kada su daina sha saboda allurar.

Abin lura ga ma'aikacin hukuma shi ne, abubuwa biyu suna iya kama da juna alhali tushensu dabam. Sanarwar da ba ta bambance su ba tana iya yin ɓarnar da ta fi wadda ake gudu.