Ruwan Tiga da Gumin Mata: Yadda Iyaye Mata Suka Zama 'Yan Ƙwadago a Kura da Bunkure

Tun kafin a yi tunanin tare Kogin Kano, sunan Kura ya riga ya kai Agadas. Rini ne ya kai shi. Baƙin yadin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa, wanda har yau ake kira ɗan Kura, daga marinar garin yake fitowa. Masaƙa maza ne, marina maza ne, masu bugu ma maza ne, saboda haka su tarihi ya fi riƙewa. Amma zaren da dukkansu ke jira, mata ne ke gurza audugarsa, su shiɓe ta, su kaɗa a cikin ɗakunansu. Kuɗin zaren kuwa na mai kaɗi ne, miji ba ya da iko da shi. Wani abin lura kuma, kaɗi sana'a ce da ba ta raba uwa da ɗanta: mazari na juyawa, jariri na kan cinya.

A ƙarni na 20 abubuwa biyu suka sauya wannan zama. Kulle, wanda a da aka fi saninsa a gidajen sarauta da na malamai da attajirai, ya bazu har ƙauyuka, musamman da bauta ta kau, don a idon mutane fita gona aikin kuyangi ne. Sannan zaren inji ya shigo, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kano, kasuwar kaɗi ta yi ta ja da baya. Mata suka ƙara dogara ga daddawa da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura da kiwon awaki. Duk waɗannan suna tsaye ne a kan abu biyu: itatuwan gona irin su ɗorawa da kuka da tsamiya, da kuma yaran da ke kai talla. Matan Maguzawan yankin su kam suna noma, kowace da gayaunarta.

Haka abin yake har zuwa zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya kuma ɗauki gina madatsun ruwa da zafi. Aka fara gwajin noman rani a Kadawa a farkon shekarun 1970, bisa tsarin da kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya zana. Aka kammala Dam ɗin Tiga a 1974, a daidai lokacin da fari ya gigita Arewa. Kashin farko na shirin noman rani na Kogin Kano an tsara shi ne ya shayar da hekta 22,000 a ƙasar Kura da Bunkure da inda ake kira Garun Malam a yau. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Babu mai musun alherin wannan ruwa. Ƙasar da matasanta ke watsewa cin rani ta zama ita ake zuwa wa cin rani.

Sai dai masu zanen sun zana ne da magidanci a ransu. Don ruwa ya gudana sai an baje ƙasa, don a baje ƙasa sai an tumɓuke itatuwa. Katafila ta bi ta kan ɗorawa da kuka, ta tafi da kalwa da miya da itacen girki a lokaci guda. Da aka zo mayar wa mutane filaye, mai gida aka sani. Malamin gona namiji ne, da maza yake magana, iri da taki da bashi ta hannunsu suke bi. Addini ya ba 'ya mace rabonta na gado, amma sau da yawa gonar tana hannun yayyenta, su noma su sam mata abin da ya sawwaƙa. Akuya kuma, wadda ita ce asusun mace, ba ta da inda za ta sake da rani tunda ko'ina shuka ce, sai a ɗaure ta a nemo mata abinci.

Wata Baturiya mai bincike, Cecile Jackson, ta zauna a yankin a shekarun 1970, ta kuma fitar da littafi a kan matan wannan shiri a 1985. Ta nuna cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wasu matan kulle sun samu kasuwa, don leburori sun cika gonaki kuma dole su ci abinci. Matan Maguzawa kuwa, da suka fi dogara ga gona da daji, su suka fi jin jiki. Ita ce kuma ta rubuta labarin da ya kamata a ce kowace ɗaliba a Kura ta san shi. Wani kamfanin Turai mai suna BUD ya karɓi fili a cikin shirin yana noma koren wake, ana ɗauka a jirgin sama zuwa kasuwannin Turai. Mata ya ɗauka aikin tsinka, don hannunsu ya fi araha. Matan nan, da ba su da ƙungiyar ƙwadago, ba su da takardar ɗaukar aiki, suka haɗa kai suka ajiye aiki a kan ƙarancin lada. Rubutun da ta yi a kan wannan ya fito a 1978. A ganina wannan yajin aiki ya isa amsa ga duk mai cewa matar karkara ba ta san darajar guminta ba.

Bayan nan amfanin gona ya yi ta sauyawa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, Kadawa ta yi tashe, daga baya aka janye hanin. Shinkafa ta karɓe damina, tumatir da albasa suka karɓe rani, Kwanar Gafan ta zama matattarar manyan motoci masu lodi zuwa Kudu. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa, a shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. Rufe iyakoki a 2019 ya ƙara wa shinkafar Kura daraja. Kowane sauyi a cikin waɗannan ya ƙara buƙatar hannu, tsadar rayuwa kuma ta turo mata waje: zawarawa, da waɗanda mazansu suka rasu, da tsofaffi, da 'yan mata, da matan aure da abin hannun miji ya kasa.

To, wane aiki suka tarar? Huɗa da ban ruwa da feshi da tuƙa inji da dillanci na maza ne, kuma a nan kuɗin yake. Mata aka bar wa dashe da cirar ciyawa da tsinkar tumatir da yanka shi a shanya, da sheƙa, da kala bayan an kwashe. Ladan wani lokaci ba kuɗi ba ne, kwanon shinkafa ne. A cikin gida kuma akwai turara shanshera, aikin da ya ɗaga sunan shinkafar Kura: a jiƙa, a ɗora tukunya, a sha hayaƙi, a shanya, a kwashe. Mafi yawan masu yinsa aikatau suke wa masu jari, ba hajarsu ba ce. Idan ta ce ladan ya yi kaɗan, amsar a shirye take: "In ba ki yi, akwai mai yi."

Dokar ƙwadago ta 1974 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa. Wannan doka ba ta taɓa isa bakin kwata ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ma, wanda ya kai naira 70,000 a 2024, ta ware aikin noma na lokaci-lokaci da aikin jinga daga cikinta. Don haka mai jego da ta yi arba'in sai ta ɗaure goyo ta sunkuya cikin taɓo, ko ta kwantar da jariri a gefen kunya, kusa da ruwan da ke ɗauke da sauro da tsargiya, a gonar da aka yi wa feshi jiya. Idan ba ta iya ba, sai babbar 'yarta ta bar aji ta riƙe ƙani, ko ta ɗauki farantin talla zuwa gona. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin rainon da mai gona bai biya ba, yarinya ce ke biya da karatunta, kuma ita ce za ta gaji sunkuyon gobe.

Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara magudanan da suka toshe, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Amma murya a irin wannan ƙungiya tana bin mai fili ne, mai fili kuwa har yanzu galibi namiji ne.

Ga hukumar kogi da ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, da hakimai da limamai, kira na shi ne: a rubuta sunan mace a kan gonar da ta gada, a ba mata kujera a ƙungiyoyin ruwa, a tsayar da lada ɗaya ga aiki ɗaya, a kuma kafa rumfunan raino kusa da gonaki da wuraren turara, don uwa ta yi aikinta, 'yarta ta zauna a aji.