Daga Makarantar Allo Zuwa Ajin UPE

Koyar da kowane yaro gwargwadon fahimtarsa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa, ba ya wankewa sai karatun ya zauna, kuma gardi kan biya wa kolo. Da aka ƙaddamar da shirin UPE a 1976, azuzuwa suka cika maƙil, aka tura sababbin malamai bayan gajeren horo, allo ɗaya ga kowa. A ganinmu, daga nan sabon malami ya saba bin saurin masu hazaƙa, na baya su yi shiru. Shi ya sa muke son manhajar Hausa ta tanadi karatun rukuni-rukuni, inda wanda ya iya zai biya wa ɗan'uwansa.