Ƙuncin jijiyoyin zuciya a jarirai da alaƙarsa da ƙwayoyin halitta

Kusan jariri ɗaya cikin kowane ɗari ana haifarsa da wata tawaya a zuciya. Daga cikin waɗannan akwai masu ƙunci a manyan jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya: babbar jijiyar awota mai kai jini ga jiki, ko jijiyar da ke kai jini huhu. Idan hanya ta ƙuntata, zuciya kan yi aiki fiye da ƙima, tsokarta ta yi kauri, daga ƙarshe ta gaza. A wasu yaran, ƙuncin alama ce ta sauyi a ƙwayoyin halitta wanda ya shafi jiki baki ɗaya.

Manyan cututtuka huɗu

Ciwon Williams, wanda likita J.C.P. Williams na ƙasar Niyu Zilan ya bayyana a 1961, yana faruwa ne idan wani ɗan yanki na kuromosom na 7 ya ɓace. A cikin yankin akwai ƙwayar da ke samar da elastin, sinadarin da ke ba jijiya taushi da miƙewa. Rashinsa kan sa awota ta tsuke a saman bawul ɗinta. Yaran kan kasance masu fara'a da saurin sabo da baƙi, amma suna da jinkirin koyo, kuma allurar barci lokacin tiyata tana da haɗari na musamman a gare su.

Ciwon Turner 'ya'ya mata kaɗai yake shafa, kusan ɗaya cikin 2,500, idan ɗaya daga cikin kuromosom X biyu ya ɓace ko ya nakasa. Henry Turner na Amurka ne ya bayyana shi a 1938. Alamominsa sun haɗa da gajarta, kumburin hannu da ƙafa a jarirai, da jinkirin balaga. Ana yawan samun tsukewar awota a kusa da lanƙwasarta.

Ciwon Noonan, mai sunan likitar zuciyar yara Jacqueline Noonan, yana shafar maza da mata, kuma ya fi ƙuntata bawul ɗin jijiyar huhu. Kusan rabin masu shi suna da sauyi a ƙwayar PTPN11. Idan uwa ko uba yana da shi, yiwuwar ya ba wa ɗa kashi 50 cikin 100 ce a kowane ciki.

Ciwon Alagille, wanda likitan Faransa Daniel Alagille ya bayyana, yana ƙuntata rassan jijiyar huhu tare da rage hanyoyin ɗaci a hanta. Shawarar da ta ƙi warkewa a jariri, tare da ƙaiƙayi mai tsanani, na iya zama farkon alamarsa.

Dalilin da ake makara

Jariri mai tsukewar awota na iya fitowa da ƙoshin lafiya a zahiri. Tun yana ciki, akwai wata gajeriyar jijiya da ke haɗa awota da jijiyar huhu, wadda ke kai jini ƙasan jiki. Tana rufewa cikin kwanakin farko bayan haihuwa, kuma a lokacin ne jaririn kan faɗi ba zato: numfashi da sauri, gumi yayin shan nono, sanyin ƙafafu. Inda aka haihu a gida ba tare da ma'aikacin lafiya ya duba jariri ba, sau da yawa ana ɗaukar hakan a matsayin ciwon sanyi.

Gwajin farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: taɓa bugun jini a matsematsi, auna hawan jini a hannu da ƙafa, da auna iskar oksijin. Hoton zuciya na eko shi ke tabbatar da ƙuncin, gwajin jini kuma ya nuna ko akwai sauyi a ƙwayoyin halitta.

Magani da tsadarsa

Maganin ya daɗe da samuwa. Clarence Crafoord ya yi tiyatar farko ta gyara tsukewar awota a Suwidin a 1944, kuma tun 1982 ake buɗe bawul ɗin huhu da ƙaramin balan-balan da ake zurawa ta jijiya ba tare da tsaga ƙirji ba. Maganin furostagilandin kan riƙe gajeriyar jijiyar a buɗe har a kai jariri ɗakin tiyata.

A Najeriya, matsalar ita ce samun wannan kulawa. Cibiyoyin da ke tiyatar zuciyar yara kaɗan ne, iyalai da dama kuma kan ƙare da neman taimako a kafafen sada zumunta domin tafiya Indiya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma yawancin magidanta har yanzu daga aljihunsu suke biya.

Ganewar asalin ciwon yana sauya makomar yaro. Yarinya mai ciwon Turner tana buƙatar a riƙa duba awotarta har girma, mai ciwon Williams kuma a yi shiri na musamman kafin a sa shi barci don kowace tiyata.