Tadbirin Madugu a Hanyar Gwanja

A nan Yola ta ƙasar Karaye, kamar yadda yake a Rogo da sauran garuruwan yammacin Kano, ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai an raba goro, amma da wuya ka sami wanda zai tsaya, goron yana hannunsa, ya tambayi kansa yadda aka yi ɗan itacen da ba ya tsira a ƙasarmu ya zama shi ne shaidar alkawuranmu. Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, kuma a ƙarni na 19, bayan jihadi, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi shahara da bin ta. Abin da nake so in tsaya a kansa shi ne tadbirin madugu, wato yadda mutum ɗaya yake shirya tafiyar da za ta ci wata shida ko shekara guda, da ɗaruruwan mutane da jakuna a wuyansa.

Hisabin madugu daga bakin mai cin goro yake farawa, sa'an nan ya komo da baya. Mai saye a kasuwar Kurmi ɗanyen goro yake so, wanda bai yi sankara ba, don haka tilas a san kwanakin dawowa tun ba a ɗaura wa jaki kaya ba; goron kuwa a kurmin Asante yake, mutanen can ne suke kawo shi kasuwar Salga ta ƙasar Gwanja, su ma kuma da tasu bukata, wadda in ba ka zo da ita ba ka yi tafiyar banza. Saboda haka ake loda kanwa, da riguna da baƙin rini, da jemammun fatu, da duwatsun wuya, da gabu, wato busasshen ganyen albasa, a kora dabbobi. Kuma gaskiya ba ta yarda a ɓoye cewa har da bayi a cikin abin da ake kaiwa, domin Salga babbar kasuwarsu ce a wancan zamani.

Ita hanyar kanta, madugu yana riƙe da ita a ka kamar yadda mai ba da labari yake riƙe da labarinsa, zango bayan zango: a bi ta Yawuri, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, a faɗa Sansanin Mango, a gangara Yandi, a sauka Salga. Ƙarƙashin kowane zango akwai mas'alolinsa, waɗansu na lalura, waɗansu na in an sami hali. Ruwa da harawar dabbobi da kuɗin fito da abin da za a miƙa wa sarkin gari, waɗannan ba su jira. Cinikin da za a yi a kasuwar zangon kuwa yana iya ƙaruwa ko ya ragu bisa ga abin da aka tarar. Jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana shiga gari ya daidaita garama, malamin ayari yana duba ranar tashi ya riƙe lissafi, idan dare ya yi kuma a zauna a ji labarin da matafiya masu dawowa suka kawo, domin sarkin da aka rabu da shi lafiya bara yana iya zama yana yaƙi bana, a sake shawara tun kafin asuba. Galibi ba a jira sai Salga kafin a ga riba, ana saye ana sayarwa a hanya, kowane zango yana ɗaukar nauyin wanda ke biye da shi. Baturen nan Kilafaton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama cikin 1826, ayarin yana dawowa daga Gwanja, mutum fiye da 1,000 maza da mata, da dabbobi kwatankwacin haka.

Dawowa ta fi tafiya wuya, domin goro amana ce mai rai. Ana naɗe shi cikin ganyen fita a ɗaure huhu, bayan 'yan kwanaki a kwance, a tsince wanda ya ɓaci kada ya shafi ɗan'uwansa, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa, haka har Kano. Wani Bature kuma, Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan jaki fiye da 500 na goro suke shigowa birnin kowace shekara, kowane kaya ana sayar da shi wajen wuri 200,000.

Abin da ya tuna mini da wannan duka shi ne wata ƙa'ida ta masu rubuta manhajar kwamfuta. A 2001 mutum 17 daga cikinsu suka taru a jihar Yuta ta Amurka, suka yi ittifaƙi cewa gara a riƙa miƙa aiki kaɗan-kaɗan ana jin ta bakin mai shi, da a kulle ƙofa shekara biyu a fito da abin da ba ya so. Daga baya wani daga cikin masu wannan mazhaba, Jeff Patton, ya wallafa littafi a 2014 a kan abin da za mu kira taswirar labari. Ana liƙa ƙananan takardu a bango, daga hagu zuwa dama, kowace tana ɗauke da mataki ɗaya na abin da mai amfani da manhajar zai yi tun daga shigarsa har biyan bukatarsa. Ƙarƙashin kowane mataki a jera ayyukansa, na wajibi a sama, na mustahabbi a ƙasa. Sa'an nan a ja layi a fara da mafi ƙarancin abin da zai kai mutumin daga farko har ƙarshe. A ganina madugu ba zai nemi a yi masa sharhi ba, domin ya san cewa ayarin da ya yi guzurin sarauta na zango goma na farko, alhali bai tanadi kuɗin jirgin fito a bakin Kwara ba, ba zai ga Salga ba.

Ita hanyar Gwanja kuwa ta soma raunana bayan Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874, basasar 1892 kuma ta watse Salga, fatake da malamai suka koma waɗansu garuruwa, cikinsu har da Alhaji Umaru Bakano, wanda ya zauna a Karaci har rasuwarsa a 1934. Alhassan Ɗantata, ɗan madugu Abdullahi, Ba'agale na Bebeji, ya yi irin hisabin ubansa ya ga cewa mai cin goro bai damu da ko jaki ne ya kawo shi ba, sai ya riƙa sa nasa a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko. A 1911 dogo ya iso Kano, a 1918 kuwa shi Alhassan ya zama mai sayen gyaɗa ga Kamfanin Neja.