Igiyar Awo: Tarihin Ƙwallon Yara a Yankinmu da Darasin 2009



Da shugabannin ƙungiya sunka ce in rubuta wani abu na tarihi cikin wanga ɗan littafi na tunawa, na san wasunku za su zaci labarin sarakunan Ƙonni da na Adar zan kawo. Wannan akwai manyan da sunka fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Ni tarihin da na taɓa da ƙafata zan ba ku, wato ƙwallon yara na babban hutu, wanda muke ce ma TGV. Kusan kowa cikinku ya buga shi, ko ya ɗauko ma masu bugawa ruwa, ko ya hau katanga ya yi kallo. Cikin tarihin nan akwai wani laifi da ya taɓa jawo ma Nijar duka kunya, kuma ni mai rubutun ina da hannu cikin irinsa.

Mu fara daga baya. Kakanninmu ba su rasa wasa ba kafin zuwan ƙwallo. In an kai hatsi rumbu, dandali ya cika, yara na langa, samari na kokawa. Kokawa kuwa tana da wata doka da ba wanda ya rubuta ta: ba a haɗa yaro da ƙato. Ƙanana ke buɗe fili, sai matasa, sai manya. Ba a buƙatar takarda, don gari ɗaya anka haife su, kuma uwaye mata suna tune da wanda ya girmi wani da damina nawa. Ku riƙe wagga doka a ranku, za mu komo kanta.

Ƙwallo shi baƙo ne, ya shigo da Nasara, ta barikin soja da ta lakwal, inda mushe ke fitar da yara fili. Daga nan ya tsallaka katangar lakwal ya shiga unguwa, wurin yaran da ba su da kuɗin sayen na fata, sai su cusa tsumma cikin tsohuwar safa ko su ɗaure leda da roba. Ni da na yi firamare a lakwal mai koyarwa da Hausa da Faransanci, tun ina yaro nake lura da bakinmu a fili. Muna cewa balo, arbit, mayo, ekip, duk daga Faransanci. Muna kuma cewa rafali, gola, fenariti, waɗanda sunka biyo hanyar Sakkwato sunka shigo ta Illela ta Najeriya, wadda ke nan bakin iyaka kusa da Birnin Ƙonni. Bakin ɗan ƙwallon Ƙonni kaɗai ya isa ya gaya maka ta ƙofa biyu wasan ya shigo mana.

Wasan ya samu tsari sosai zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974. Gwamnatinsa ta farfaɗo da samariya, kowace unguwa da kowane gari da sarkin samarinsa, kuma su ke shirya aikin gayya da wasanni. A 1975 anka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa, babban birnin jiharmu, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokawa. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 samariya ta yi sanyi, sai fada-fada sunka yawaita a unguwanni. Yau galibi su ke riƙe da gasar hutu: a yi karo-karo, a je wurin wani ɗan kasuwa ya sayi kofi, wani ya ba da mayo, a share fili, a kafa itace uku ya zama raga.

Kun san yadda take tafiya. Hutun yana faɗowa tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba. Da safe yaro na gona da hauya, bayan la'asar yana fili, kuma dole a tashi kafin kiran magariba. In hadari ya haɗo, a ɗage sai gobe. Haka abin yake a Ƙonni da Tsarnawa, a Malbaza da Galmi, a Illela ta Adar da Badagishiri.

To, sai garuruwa sunka girma, kowa ya daina sanin sa'ar kowa. Ga shi yara da yawa a gida ake haihuwarsu, ba a kai sunansu ofishin magajin gari ba. Sai lokacin jarrabawa ya matso a ruga kotu a karɓo takardar da ke maye gurbin ta haihuwa, a rubuta shekarar da anka ƙiyasta, wani lokaci ma wadda ta fi dacewa da buƙata. Saboda haka masu shirya gasar da na buga sunka koma ga igiya. A ɗaure ta tsakanin sanda biyu, duk wanda ya wuce ƙarƙashinta a miƙe yaro ne, wanda kansa ya taɓa ta ya girma.

Lokacin da ekip ɗinmu ta shiga gasar, ƙasa duka na cikin zazzaɓin ƙwallo. A watan Oktoban 2010 Mena ta doke Masar, mai riƙe da kofin Afirka, da ci 1-0 a Yamai, Moussa Maazou ya zura. A 2012 ta je gasar cin kofin Afirka karo na farko, wadda anka yi a Gabon da Ikwatoriyal Gini, bayan Harouna Doula ya kai ta can. Cikin hutun wannan shekara kowane yaro a unguwarmu Maazou ne. Mu goma sha biyar ne, takalmi bai kai ƙafa biyar ba, ni ne kapiten. Akwai wani ɗan siririn yaro da ke buga mana gefe. Shi ke fara zuwa fili kullum, shi ke kai balo wurin mai faci in ta fashe. Da ƙyar da jiɓin goshi munka kai wasan kusa da na ƙarshe.

Ranar wasan, sai yayan unguwa da ke horas da mu ya zo da wani gajeren saurayi mai faɗin ƙirji, wanda ya zo cin rani tun bara bai koma ƙauyensu ba. Duk mun san ya kai shekara goma sha shida ko fiye, muryarsa ma ta buɗe. Yayan ya ja ni gefe ya ce: "Ƙanena, kai ka riƙe da ekip. In arbit ya tambaya, ce mishi ɗan kawunka na, tare anka yi muku kaciya." Saurayin ya wuce ƙarƙashin igiya ko gashinsa bai taɓa ba. Arbit ya dube ni, ni kuma na faɗi abin da anka ce in faɗa. Anka cire ma ɗan siririn yaron nan mayo anka ba baƙo. Munka ci 2-0, munka yi ta tsalle. Shi kuwa yana zaune kusa da jarkar ruwa har anka tashi. Da na matso sai ya ce mini: "Ba komai, kapiten, Allah shi ba ku sa'a." Wasan ƙarshe anka lallasa mu, kofi ya tafi wata unguwa. Yaron bai sake taka fili ba. Har yau in mun haɗu a kasuwa muna gaisawa da mutunci, amma ni na san abin da na ɗauke masa.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, shekara uku kafin nan an yi ma ƙasa duka irin wannan. A 2009 anka yi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a Aljeriya. Ƙaramar Mena ta yi ƙoƙari har ta samu gurbin wasan kusa da na ƙarshe, wanda shi ne tikitin zuwa gasar duniya. Sai hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta kore ta saboda sa ɗan wasan da shekarunsa sunka wuce, anka ba Malawi gurbin. Kun san inda anka yi gasar duniyar ta wannan shekara? Najeriya, nan maƙwabta, har a Kano da Kaduna an buga wasanni. Da ɗan Ƙonni mota kawai zai shiga ya je ya ga tutar ƙasarsa a gasar duniya. Yaran da shekarunsu ke daidai, waɗanda sunka yi gumin samo tikitin, su ma da su anka koro.

A wannan gasa ta Najeriya ne FIFA ta fara amfani da na'urar MRI wajen duba ƙashin wuyan hannu. Ƙarshen ƙashin yaro yana da wani wuri mai taushi inda yake ƙara tsawo, in ya girma sai wurin ya haɗe. Na'urar na nuna ko ya haɗe ko da saura. Wato duniya ma sai da ta nemo igiyarta, don an daina yarda da bakin mutane da takardunsu.

Labarin bai ƙare da kunya ba, alhamdu lillahi. A 2015 Nijar ta karɓi baƙuncin gasar ƴan ƙasa da 17 ta Afirka a Yamai. A 2017, ƙarƙashin Ismaïla Tiémoko, ƙaramar Mena ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Gabon, ta samu tikitin Indiya. A watan Oktoba, a birnin Kochi, ta doke Koriya ta Arewa da ci 1-0, ta tsallake rukunin da ke da Brazil da Sifen, sai Gana ta fitar da ita da ci 2-0 a zagaye na biyu. Wannan ne karo na farko da wata ekip ta Nijar ta buga gasar duniya ta FIFA. Shekara takwas ƙasa ta jira kafin ta koma ƙofar da ta rufe ma kanta.

Yanzu ga inda zancen ya shafe ku. Mu da munka buga a 2012, mu ne yau yayyen unguwa. Cikinku akwai masu horas da yara, akwai arbit, akwai masu riƙe da littafin sunaye. Na'urar MRI ba za ta zo filin unguwarmu ba, igiya kuwa kun ji yadda ake yi mata. Abin da ya rage mana shi ne wanda kakanninmu sunka yi aiki da shi a dandali: sanin juna da faɗin gaskiya. Kafin gasar bana, a rubuta sunayen ƴan wasa tun da wuri, a kai ma uwaye da mushen lakwal da malamin makarantar allo su tabbatar, a kuma rufe rajista kafin wasan farko, kada a karɓi baƙon ranar wasa. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, mu raka mahaifinsa ofishin magajin gari ko kotu a yi masa ta gaskiya, don gobe za ta yi masa amfani wurin jarrabawa da katin ɗan ƙasa. In muna son manyan samari su buga, a buɗe musu tasu gasa, fili bai ƙare ba.

Yaran nan amana ce a hannunmu, kuma abin da sunka ga yayansu ya yi a bakin fili ya fi zama a ransu bisa abin da ya karanta musu a zaure. Ni a shekara goma sha biyu anka koya mini yin shaidar zur don kofin da bai kai kuɗin buhun gero ba. In wani ya ja ƙanenka gefe bana ya ce ya faɗi irin wannan, ina roƙonka ka kasance kusa, ka ce a'a, ka mayar ma mai mayo mayonsa.

Allah ya shirya mu, ya shirya ƙannenmu, ya ƙara ma wagga ƙungiya albarka. Wassalamu alaikum.