Ƙwayar Laulayin da Ta Hana Jarirai Hannuwa

A shekarar 1957 wani kamfani a Jamus ta Yamma, Grünenthal, ya fito da ƙwayar barci mai suna talidomaid. Masu ciki suka riƙa shan ta saboda laulayi, a can ma ba sai da takardar likita ake saye ba. An janye ta a 1961, amma a dalilinta an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, wasu tafin hannu manne da kafaɗa, babu damtse. A Amurka kuwa wata likita, Frances Kelsey, ta ƙi amincewa a sayar, ta ce hujjar ba ta gamsar da ita ba.

To, wace ɓarna ƙwayar take yi? An daɗe ana lalube. Sai a 1994 Robert D'Amato ya nuna tana hana sababbin jijiyoyin jini tsirowa. Tsakanin kwana 20 zuwa 36 da shigar ciki ne hannu da ƙafa ke toho, waɗannan ɗanyun jijiyoyi ke kai musu abinci. In suka lalace, gaɓar sai ta tsaya nan. Kuma fa a kwanakin nan, sau da yawa mace ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba.